Katin Ƙwaya a Akwatin Mansura

Da hantsin Asabar Gwaggo Daso ta fito daga ɗakin Mansura riƙe da baƙar leda nesa da jikinta, kamar mai ɗauke da mushen ɓera. Ta wuce kai tsaye gaban ƙanenta Malam Bamalli, mahaifin Mansura, wanda ke zaune a inuwar mangwaro yana ɗinkin komar kamun kifi. Ta zazzage ledar a kan tabarmarsa.

Katunan magani ne, sun kai talatin. Duk gurabun ƙwayoyin a fashe suke, babu ko ɗaya a ciki.

"Turmin atamfar da zan kai wa tela na je ɗaukowa a akwatinta," in ji Gwaggo. "Ga abin da na tarar a ƙarƙashin kaya. Bamalli, ka san ko mene ne wannan?"

"Maganin zazzaɓi?"

"Ƙwayar hana ɗaukar ciki ce. 'Yarka da ba a ɗaura wa aure ba, ta shanye kati talatin."

Mansura na zaune a bakin baranda tana duba littattafan ɗalibanta na aji huɗu. Jan biron ya suɓuce daga hannunta. Mahaifiyarta, Inna Asibi, ta fito daga madafa da muciya a hannu ta tsaya cak.

Malam Bamalli ya ajiye komar a hankali.

"Zo nan," ya ce.

Mansura ta zo ta durƙusa. Shekarunta ashirin da huɗu, malama ce da yara ke miƙewa in ta shiga aji, amma ga ta durƙushe kamar ɗaliba mai laifi.

"Naki ne?"

"Ni na ajiye su, Baba. Amma wallahi ban sha ba. A bakin ragar tafki na tsince su, inda ruwa ke shigowa."

Gwaggo ta yi dariyar da ba ta da daɗin ji.

"A tafki. To kifin ne suka shiga tsarin iyali?"

Amsar da ke bakin Mansura ita ce e, kuma ta san ba wanda zai saurare ta.

Malam Bamalli yana da tafkunan kifi uku a gonarsa ta gefen rafin Iku. Karfasa yake kiwo, yana sayar da 'ya'yanta ga masu buɗe sababbin tafkuna a Maje da Abuja. Tun Mansura na 'yar shekara tara take binsa can, har ta san halin kifin nan kamar yadda ta san halin ɗalibanta. In damina ta kankama, namijin karfasa kan sami wuri marar zurfi ya haƙa gurbi da bakinsa, zagayayye kamar kasko. Maƙogwaronsa ya yi ja, ya tsaya gadi, ya kori duk namijin da ya matso. Matan kuma su riƙa bin gurabun ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa. Wanda gurbinsa ya yi tsaf kuma jikinsa ya yi launi, wurinsa mace ke shiga. Ta zuba ƙwai, ya bi ta kansu, sannan ta kwashe su a bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe.

A daminar bana, ta 1996, ba a ga wannan ba. Mazan sun koɗe, sun yi taiɓa, suna yawo cikin matan kamar 'yan rakiya. Ɗaya ko biyu da suka fara haƙa gurbi sai su bari a rabi, mace ta leƙa ta wuce. Karfasar da ake rasa yadda za a yi da yawan 'ya'yanta, bana ko cikin ludayi ba a samu ba.

A kan wannan ne maganar auren Mansura ta tsaya. Khamis, wanda ke nemanta, mutumin Gusau ne, yana aiki a sashen kiwon kifi na wata ma'aikata a Abuja, yana haya a nan Suleja. An riga an karɓi kayan gaisuwarsa, sa rana kawai ya rage. Sai aka gan shi a bakin tafki da kwalabe yana ɗibar ruwa don a kai a auna. Kafin magana ta zagayo gida ta zama zuba wani abu ya yi. Wanda ya fi kowa yayata ta shi ne Munir, mai kemis a unguwar Bagama, ɗan aminin Malam Bamalli, wanda Mansura ta ce wa a'a sau biyu.

"Ina sauraronki," in ji Malam Bamalli. "Abin da aka tsinta a laka, ya aka yi ya zama fes haka?"

"Wanke su na yi don rubutun ya fito. Khamis ne ya ce in tara masa."

"Kun ji ko," in ji Gwaggo. "Ta ambaci sunansa da bakinta."

Inna Asibi ta matso, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yaya Daso, kati ɗaya wata guda ake yi ana sha. Talatin shekara biyu da rabi ke nan. Yaron nan ko shekara ɗaya da rabi bai yi a garin nan ba."

Gwaggo ta juyo ta ƙare mata kallo.

"Ke kuma a ina kika iya lissafin? To in ba shi kaɗai ba ne, ai abin ya fi muni. Shi ya sa tun farko na ce a bar 'yan hayar nan. Sun zo sun tsadar mana da ɗakuna, sun tsadar da tumatir, yanzu kuma sun shiga akwatin 'ya'yanmu. Mutumin da ba ka san gidan ubansa ba, da safe ya hau bas ya ɓace sai magariba."

Hawaye ya zubo wa Mansura.

"Gwaggo, ke kika yaye ni. A bayanki na yi barci shekara biyu. Ashe za ki iya kallona ki faɗi wannan?"

"Don ni na yaye ki shi ya sa yake mini ciwo."

"Baba, ka taɓa kama ni da ƙarya?"

Katunan yake kallo.

Ana haka aka yi sallama a ƙofar gida, murya biyu, ɗaya na bin ɗaya. Asabar ce ranar da Khamis kan zo gaisuwa, Munir kuwa tun da ya gane haka shi ma ya mayar da ita ranarsa. Malam Bamalli ya ce su shigo har tsakar gida, abin da bai taɓa yi wa Khamis ba.

Munir ne a gaba, da farar shadda da mukullin Fijo a yatsa, ya ajiye ledar lemo. Khamis na biye da shi cikin kayan ofis, takalmansa duk laka daga inda ɗan acaɓa ya sauke shi. Ya durƙusa zai gaishe da Malam Bamalli, idonsa ya faɗa kan tabarmar. Ya dubi fuskar Mansura, ya gane komai.

"Riƙe gaisuwarka," in ji Malam Bamalli. "Ka san waɗannan?"

"Na san su, Baba. Ni na ce ta tara."

"Kada ka ƙara ce mini Baba."

"Malam, don Allah ka ba ni minti biyu. Abin da ke cikin ƙwayar nan irin sinadarin jikin mace ne, amma haɗa shi ake yi a masana'anta. Na karanta a wata mujallar ofis cewa a Turai an ga koguna da irinsa ke shiga, mazan kifi suka fara ɗaukar siffar mata. Kaɗan ya isa. Da Mansura ta gaya mini mazanku sun daina haƙa gurbi, matan sun daina kula su, sannan ta fara tsintar katunan nan, sai na yi zargin..."

"A Turai," in ji Munir, yana murmushi. "Malam Khamis, ni shekarata takwas ina sayar da magani. Ban taɓa jin tarwaɗa ta zo kemis ba. Ka nemi wani labarin, wannan ko 'yan ajin Mansura ba za su ɗauka ba."

Gwaggo ta yi tsaki.

"Da ka lalata kifin mutum, ashe ba a nan ka tsaya ba."

Khamis ya sunkuyar da kai. Jijiyar wuyansa ta tashi, amma muryarsa ba ta tashi ba.

"Gwaggo, ki zage ni yadda kike so. Ita dai kada ki taɓa mutuncinta. Ko hannunta ban taɓa riƙewa ba."

"Asibi," in ji Malam Bamalli, "fito da kayan gaisuwarsa. Yau zai tafi da su."

Inna Asibi ba ta motsa ba. Gwaggo ce ta shiga ta jawo akwatin, ta ja shi a ƙasa har gaban Khamis.

Munir ya gyara zama, ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya.

"Baba, ni ɗan gida ne. Abin da ya taɓa gidan nan ya taɓa ni. Maganar nan kada ta wuce bangon nan. Ko me Mansura ta yi, ƙuruciya ce, an yaudare ta ne. In an ba ni, zan rufa asiri, ba wanda zai ji."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Gwaggo. "Kin ji ɗan halak."

Mansura ta ɗago. Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta dubi Munir ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban mahaifinta.

"Asirin wa za ka rufa, Munir? Nawa ko naka?"

"Ban gane ba."

"Da rani, wata biyu kafin ruwan farko, ka shigo gonarmu da a-kori-kura cike da kwalaye. Na kawo wa Baba abinci na tarar da leburorinka suna jibga su a tsohon ramin da aka ɗebi jar ƙasa, sama da tafkin farko, dab da magudanar ruwa. Kwalayen me ne?"

Mukullin ya daina juyawa a yatsan Munir.

"Tarkacen sito ne da ɓeraye suka ɓata."

"Tun da aka yi babban ruwan nan gefen ramin ya zabtare, duk safiya sai na cire katunan nan a raga."

"To me ya hana ki faɗa?" in ji Gwaggo.

Mansura ta juya ga mahaifinta, kuka ya sake ƙwace mata.

"Ta yaya zan tsaya a gabanka, Baba, in ambaci sunan wannan abu? Da wane baki? Kuma na san wanda ya ba da wurin. Na gwammace a ce wani ne ya gano, ba 'yarka ba."

Malam Bamalli ya daɗe yana kallon ƙasa. Kowa a wurin ya san gonar tasa ce, kuma ba mai haƙa ko ramin gyaɗa a cikinta sai da izininsa.

"Baba, ga hadari ya haɗo," in ji Munir. "A bar maganar nan zuwa gobe, in hankali ya kwanta."

Malam Bamalli ya miƙe, ya ɗauki shebur a jikin bango.

"Kowa ya taso. Har kai. Ka bar motar, da ƙafa za mu."

Tafiyar ba ta da nisa. Suka bi ta bayan sababbin gidajen haya da ba a gama rufi ba, suka ratsa gonar masara. Gwaggo na baya tana haki tana riƙe da ledar katunan, don ta ce ba za ta bar shaida a gida a ɓatar ba. Da suka wuce tafkin farko Mansura ta kalli gefen da ruwa bai da zurfi. A bara war haka gurabu ne jere kamar kasake a kasuwa. Yau laka ce shimfiɗe, kifayen na shawagi a kanta ba mai kula wani.

Ramin na nan inda ta ce. Ruwa ya cinye gefensa na ƙasa, wata 'yar ƙorama na tsiyaya daga cikinsa zuwa magudana. Malam Bamalli ya naɗe ƙafar wando ya kafa shebur. Sau uku ya ɗebo ƙasa. A na huɗu shebur ya shige cikin ruɓaɓɓen kwali.

Da ya ɗago, katuna suka zubo, ɗaruruwa, sun manne da juna. Wasu an fara ƙona su wuta ta mutu a rabi. Mafi yawa sun farfashe, ƙwayoyin sun narke sun zama farin kunu da ke bin ruwa. Ya sake ɗebowa. Haka. Ya sake. Haka.

Khamis ya sunkuya ya zaro wani ɓallen kwali da leda ta kare. Bai karanta ba, ya miƙa wa Mansura. Ita ta karanta a fili, da muryar da take kiran sunayen ɗalibai: hatimin kemis ɗin Munir ne, da ranar da wa'adin maganin ya wuce, shekara biyu baya.

Ledar ta faɗi daga hannun Gwaggo.

"Baba," in ji Munir, muryarsa ta canja, "kai da kanka ka nuna mini wurin nan. In magana ta fita, ba sunana kaɗai za a ambata ba."

"Ni na nuna maka," in ji Malam Bamalli. "Ka ce tarkace ne, kana gudun masu duba magani su gani a sito. Ban tambaye ka ko mene ne ba, don ubanka aminina ne. Wannan laifina ne, kuma ko a gaban Mai Unguwa zan faɗa. Amma ɗazu kana zaune a tabarmata ka ga katunan nan, ka san naka ne, ka bari aka kira 'yata 'yar iska. Har kana neman a gode maka."

"Ban san sun fita ba, wallahi..."

"Fita daga gonata. Lemonka na tsakar gida, ka bi ka ɗauka."

Munir ya tsaya kamar zai ƙara magana. Ya dubi Gwaggo, ta kau da kai. Ya tattare shaddarsa ya bi ta cikin masara.

Gwaggo ta gyara ɗaurin zane.

"To ni dai abin da na gani na faɗa. Wa zai ga wannan a akwatin budurwa ya ce na kifi ne?"

Inna Asibi ta jawo Mansura jikinta. Malam Bamalli bai iya duban 'yarsa ba. Ya ce, yana kallon ramin, "Share hawayenki. Ya isa." A wurinsa wannan shi ne ban haƙuri, kuma Mansura ta karɓe shi a haka.

Sannan ya juya ga Khamis, fuskarsa ba ta sake ba ko kaɗan.

"Kai kuma kada ka ɗauka ka fita. Tun yaushe kake zargin ramin nan?"

"Sati shida, Malam."

"Sati shida. Kana kallona ina zuba dusa ga kifin da ba za su haihu ba. Ka bar dafi yana shiga ruwana kowace safiya. Kuma ka rasa inda za ka ajiye wannan ƙazanta sai akwatin yarinyar da kake cewa kana so. Da Daso a gaban baƙi ta zazzage ledar nan fa? Wa zai wanke ta?"

"Sakamakon awon ruwa nake jira. Na ji tsoron in zo ba hujja a ce sharri nake wa abokin takara. Amma ka yi gaskiya, kuskure na yi. Ni ya kamata in riƙe su, kuma ni ya kamata in zo in same ka ko za ka kore ni."

"Da na kore ka."

"Na sani."

Malam Bamalli ya kafa shebur a ƙasa. An fara yayyafi.

"Akwatinka zai koma ɗaki, amma ban sa rana ba. Ka ce ka karanci kifi. To ga tafki. Ranar da na ga namiji ya haƙa gurbi a nan, ya yi ja, mace ta shiga da kanta, ranar ka turo magabatanka. Kuma da kifin nan nawa, ba na yarda a sayo wasu a zuba mini ba, na san kowane ɗaya. In damina ta ɗauke ban gani ba, ka zo ka kwashi kayanka."

"Malam, ai laifin ba nasa..." Inna Asibi ta fara.

"Na gama."

Ya juya ya nufi tafkin ƙasa. Mansura ta matso kusa da Khamis, iyakar kusancin da idon Gwaggo zai bari.

"Za su dawo?" ta tambaya a hankali.

"In aka kwashe ramin nan, aka karkatar da magudana, aka sauya ruwa, wataƙila."

"Ba wataƙila na tambaye ka ba."

Ya dube ta. Da zai iya yi mata ƙarya, da yau ya yi.

"Ban sani ba, Mansura. Waɗanda na karanta sun faɗi yadda kifin ke lalacewa. Ba su faɗi ko suna warkewa ba."

"Saura wata biyu ruwa ya ɗauke."

"Wata biyu da 'yan kwanaki."

Ya cire takalmansa ya jera su a kan dutse, ya naɗe wandon ofis har gwiwa, ya zare shebur ɗin daga inda Malam Bamalli ya kafa shi, ya shiga ramin. Mansura ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta ɗauko tsohon kwanon da ake auna dusa, ta tara masa.

"Mansura," in ji Gwaggo, "ruwa zai sauko. Wuce mu tafi gida, mutane na kallo."

Mansura ba ta waiwaya ba. Khamis ya zuba shebur na farko a kwanon, ta ɗora a ka, ta nufi tudu da shi, nesa da ruwa.